Aikin tilas a harkar kwashe shara: ta ina yake shiga, kuma wa ke da alhakin toshe shi?

Abin da ke ɗaure wa mutane kai in aka ce an samu bayi suna aiki a kamfanin shara a ƙasa irin Birtaniya shi ne, kamfanin fa yana da rajista, yana biyan haraji, yana da kwangila da ƙaramar hukuma, kuma in ka buɗe takardunsa za ka tarar duk wanda ya yi masa aiki an tura albashinsa ta banki cif-cif. To ina bautar take kenan? Tana tsakanin fitar kuɗin daga kamfani da isarsa hannun wanda ya yi gumin, domin a wannan tsakanin akwai ɗan kwangila, akwai ejan mai kawo leburori, akwai mai gidan da leburan ke kwana, akwai direban da ke kai su aiki, kuma kowane ɗayansu zai iya riƙe wuyan ma'aikaci ba tare da manajan da ke ofis ya taɓa jin labari ba.

Maganar ta sake tasowa ne saboda dokar da Tarayyar Turai ta amince da ita a ƙarshen 2024, wadda daga 14 ga Disamba 2027 za ta hana sayar da duk wani kayan da aka yi da aikin tilas a kasuwanninta, ko a cikin Turai aka yi shi ko daga waje aka shigo da shi. Kuma shara yanzu ai kaya ce, gorar roba da gwangwani da kwali da tsohon ƙarfe duk komawa masana'anta suke.

## Aikin wahala daban, aikin tilas daban

Ba duk aiki mai ƙazanta da ƙaramin albashi ba ne aikin tilas. Ma'anar da duniya ke aiki da ita ta fito ne daga yarjejeniya mai lamba 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tun 1930, kuma ƙafa biyu take tsaye a kai: an sa mutum aiki da barazanar wani hukunci, sannan ba da yardarsa yake yi ba. Hukuncin ba sai duka ko kulle ɗaki ba. In aka ce maka ka bar aikin za a cinye kuɗinka na wata uku, ko za a kira maka jami'an shige da fice, ko za a taɓa iyalinka a gida, duk barazana ce. Ita ma yardar, in da ƙarya aka same ta ba a lissafa ta, haka nan in mutum ya shiga da ƙafarsa amma fita ta gagara.

ILO tana da alamomi 11 da masu bincike ke dubawa, waɗanda suka fi fitowa a harkar shara su ne riƙe fasfo ko katin shaida, riƙe albashi, bashin da ba ya ƙarewa, yaudara wajen ɗauka aiki, da wurin kwanan da bai dace da ɗan Adam ba. Alama ɗaya wani lokaci ba ta isa a yanke hukunci, amma in uku ko huɗu suka haɗu a kan mutum ɗaya to magana ta canza.

Ci da gumi shi ya fi faɗi: ƙin biyan kuɗin ƙarin awanni, yanke albashi da sunan kuɗin safar hannu da takalmi, sa mutum ya tona sharar asibiti da hannu tsirara. Wannan laifi ne a dokar ƙwadago ko da mutumin zai iya ajiye aikin gobe, kuma galibi daga nan abin ke gangarawa zuwa tilas.

Ƙididdigar da ILO da abokan aikinta suka fitar a 2022 ta ce mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya, miliyan 3.3 daga ciki yara ne, sannan rahotonta na 2024 ya ƙiyasta ribar haram da ake ci daga gare su ta kai dala biliyan 236 a shekara.

## Me ya sa harkar shara ta fi sauƙin shiga

In an ce sarƙar samar da kaya ta kamfanin shara, ana nufin duk wani hannu da kamfanin ya dogara da shi wanda ba nasa ba ne kai tsaye. Masu ɗinka rigunan aiki da masu ƙera kwandunan shara da masu sayar masa da taya duk suna ciki, amma inda haɗarin ya fi taruwa shi ne wurin leburori, musamman a rumfar tantance shara.

Ga yadda wurin yake. Mota ta juye shara, inji ya ɗora ta kan bel mai tafiya, mutane a tsaye gefe da gefe suna tsame abin da inji ya kasa warewa, wannan ya cire leda, wancan ya cire kwalba, wani ya cire ƙunzugun jariri da allurar da bai kamata a ce suna ciki ba. Ga ƙara ga wari ga ƙura, kowa da takunkumi a baki da abin toshe kunne, ba mai magana da wani. Aikin ba ya buƙatar Turanci ko takardar makaranta, a yini ɗaya an koya, kuma 'yan ƙasa ba sa daɗewa a kai, don haka kullum ana neman sabbin hannu. Yawan sharar ma hawa da sauka yake, bayan Kirsimeti ta yi tsiri, wani lokaci ta ragu, shi ya sa kamfanoni suka fi son su kira kamfanin ejan su ce a turo mutum talatin gobe da asuba a kan su ɗauki ma'aikatan dindindin.

Sai maganar farashi. Ƙananan hukumomi na ba da kwangilar ne ga wanda ya fi sauƙi, ribar da ke ciki siririya ce, babban kamfani ya matse ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya matse ejan, ejan ba shi da wanda zai matsa sai lebura. Ba lallai wani a sama ya yi niyyar mugunta ba, tsarin ne ke sa wanda ya fi arha ya ci kasuwa ba a tambayi dalilin arharsa ba.

## Shari'ar Birmingham

Misalin da ya farkar da masana'antar shara a Birtaniya shi ne binciken da 'yan sandan West Midlands suka yi wa laƙabi da Operation Fort. A 2019 kotu a Birmingham ta ɗaure mutum 8 'yan asalin Poland, maza biyar mata uku, waɗanda tsakanin 2012 da 2017 suke zuwa ƙasarsu suna farautar marasa matsuguni da waɗanda suka fito daga kurkuku da mashaya, su yi musu alƙawarin aiki da gida a Ingila, su sa su a bas. Da sun sauka sai a zuba su a gidajen haya a West Bromwich da Walsall da Smethwick, mutane da yawa a ɗaki ɗaya, ga ɓeraye, wasu har a magudanar ruwa suke wanka, abinci kuwa sai sun je inda ake rabon sadaka.

Dabarar tasu ita ce abin lura. Za a kai mutum banki a buɗe asusu da sunansa, katin ya dawo hannun gungun, sai a yi masa rajista da halastaccen kamfanin ejan, a tura shi aiki a wurin sarrafa shara ko gona ko masana'anta. Ɗaya daga cikin matan da aka ɗaure ma'aikaciya ce a cikin wani kamfanin ejan ɗin, ita ke shigar da sunaye. Ranar albashi kuɗi ya faɗa asusun, gungun su cire, su miƙa wa mai aikin 'yan canji, sauran a ce kuɗin mota ne da haya da bashin kawo shi. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. An tantance mutum 92 da abin ya shafa, 'yan sanda na ganin za su kai 400, kuma gungun sun tara sama da fam miliyan 2, har da mai hawa Bentley a cikinsu.

Ba binciken wani kamfani ne ya tona asirin ba. Biyu daga cikin waɗanda aka bautar ne suka gudu a 2015 suka kai kansu ga ƙungiyar agaji ta Hope for Justice, ita ta haɗa su da 'yan sanda. A 2020 kwamishinar yaƙi da bauta ta Birtaniya ta lokacin, Sara Thornton, ta fitar da nazari kan abin da kamfanoni ya kamata su koya daga shari'ar, kuma a 2021 uku daga cikin waɗanda aka bautar suka sanar za su kai ƙarar babban kamfanin shara na Biffa tare da kamfanin ejan da ya tura su, suna cewa ya kamata a ce an gano halin da suke ciki. Biffa ya ce ya ba 'yan sanda haɗin kai a binciken kuma ba ya lamuntar bauta.

## Abin da dokoki suka ce, da inda suka tsaya

Dokar yaƙi da bautar zamani ta Birtaniya ta 2015, a sashe na 54, ta wajabta wa duk kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara ya wallafa bayani kowace shekara kan matakan da ya ɗauka a harkarsa da ta masu yi masa kwangila, hukumar daraktoci ta amince, darakta ya sa hannu, a ɗora a shafin kamfanin na intanet. Wannan ne ya sa za ka ga kusan kowane babban kamfanin shara a can yana da irin wannan takarda.

Sai dai dokar bayani ta nema, ba aiki ba. Kamfani zai iya rubuta cewa bai ɗauki matakin komai ba kuma ya cika sharaɗi, sannan babu tara ga wanda ya ƙi wallafawa. Kwamitin da ya sake duba dokar a 2019 ya nuna wannan raunin, a 2021 gwamnati ta buɗe rumbun ajiye bayanan a intanet.

Akwai kuma wani giɓi da ya shafi shara kai tsaye. Bayan 'yan China 23 sun halaka a gaɓar Morecambe a 2004 suna tsintar kifin ɓawo, an kafa hukumar ba ejan-ejan lasisi, wadda a 2017 aka faɗaɗa ikonta na bincike, amma tilascin lasisin ya tsaya ne a noma da tsintar kayan teku da sarrafa abinci. Ejan mai kai leburori rumfar shara ba ya cikin wannan lissafin.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Faransa a 2017 da Jamus daga 2023 sun ɗora wa manyan kamfanoni nauyin su bincika su gyara, ba su faɗa kawai ba. Sabuwar dokar Turai kuma kayan take kamawa, a hana shi shiga ko a janye shi daga kasuwa, kuma ba ta ware ƙananan kamfanoni ba. Amma kaya ta shafa ba hidima ba, wato motar da ke kwashe shara a unguwa ba ta ciki, ɗaurin robar da aka niƙa aka sayar wa mai yin sabuwar gora shi ne zai iya faɗawa.

## Inda ake jayayya

Kamfanoni na cewa su ma an yaudare su ne. Takardun ma'aikatan na gaske ne, ejan ɗin mai rajista ne, an biya mafi ƙarancin albashi na doka, kuma su ba 'yan sanda ba ne da za su bi lebura gida su ga wa ke riƙe da katin bankinsa. Suna ƙarawa da cewa in aka ce duk kamfanin da ya gano bawa a wurinsa za a hukunta shi, to kowa zai daina dubawa, wanda ya gano ma ya yi shiru. Wannan hujjar tana da nauyi, don kamfanin da ya ce shekara goma bai taɓa samun ko mutum ɗaya ba ya fi zama abin zargi a kan wanda ya ce ya samu ya kai rahoto.

Lauyoyin ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago kuma na cewa alamomin suna cikin kwamfutar kamfanin tun farko. Mutane da yawa adireshi ɗaya, lambar waya ɗaya, mota ɗaya ke sauke su ta kwashe su, mutum ɗaya ke yi wa kowa tafinta kuma shi ke amsa tambayar da aka yi wa wani, ma'aikaci na zuwa da kaya ɗaya mako guda ba abincin rana. A ganinsu kamfanin da ya zaɓi ya riƙa hayar leburori don rage kashe kuɗi, ya ci ribar tsarin, ba zai ce haɗarin tsarin ba nasa ba ne.

Ɓangare na uku su ne masu sukar binciken da ake hayar kamfanonin odita su yi. Ana sanar da ranar zuwansu, a share wuri, a zaɓo waɗanda za a yi hira da su, odita ya duba fayil ya ga komai daidai ya tafi. A shari'ar Birmingham ai fayil ɗin daidai yake.

Matakan da kusan kowa ya yarda suna tasiri ba su da wani ƙyale-ƙyale: a riƙa tace bayanan albashi ana neman asusu ko adireshi ko lambar da ta maimaitu, a yi hira da ma'aikaci shi kaɗai da tafintan da kamfani ya kawo ba wanda ejan ya kawo ba, a horar da shugabannin layi don su ne ke ganin fuskokin kullum, a liƙa lambar kai ƙorafi da harshen da leburan ke ji, kuma kuɗin nemo ma'aikaci ya zama a wuyan mai ɗauka ba a wuyan ma'aikaci ba, tunda daga wannan kuɗin bashin ke farawa. Abin da ya fi wahala shi ne me za a yi bayan an gano. Soke kwangilar ejan nan take yana wanke sunan kamfani amma leburan sai a kwashe su a kai wani wurin, da bashinsu da komai.

## Yadda abin zai taɓa 'yan jari bola

A Najeriya da Nijar da Ghana sarƙar ta fi ta Birtaniya tsawo kuma mafi yawanta ba a rubuce take ba. Yaro da buhu a kafaɗa da mayen ƙarfe ɗaure a sanda yana bin juji da kwata, ko mai tura kura yana bin layi yana sayen gwangwan, ya kai wa maigida mai sikeli, maigida ya tara ya sayar wa babban dila, dila ya cika tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe na yankin Ogijo da Ikorodu, robar kuma a niƙa a wanke, wata a yi aiki da ita a gida wata a fitar waje. Najeriya ta hana fitar da ɗanyen tsohon ƙarfe, amma wanda aka narka irin alminiyam da dalma yana fita.

Mafi yawan masu wannan sana'ar da kansu suka shiga kuma da ita suke ci da iyali, kiran su bayi kuskure ne. Amma akwai wuraren da ya kamata a duba da ma'aunin ILO. Maigida ya ɗauko matashi daga ƙauye ya biya masa kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas, ya ba shi jari da kura da wurin kwana a cikin yadin, da sharaɗin shi kaɗai zai sayar wa, a farashin da shi ya yanka, da sikelinsa, kuɗin kuma yana ajiye a hannunsa sai za a tafi gida da sallah ko damina. Ga wasu wannan rufin asiri ne da adashe, da yawan iyayen gidan ma ta haka suka taso. Yana komawa tilas ne ranar da yaron ya ce a ba shi kuɗinsa zai koma wani yadin aka ce sai ya biya bashin da shi bai san lissafinsa ba. In kuma yaron bai kai 18 ba, tona juji da fasa batir da ƙona waya don cire jan ƙarfe aiki ne mai haɗari da yarjejeniyar ILO ta 1999 ta hana yara, ko da yardarsa ko babu.

Dokoki dai akwai su. A Najeriya sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas, akwai hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, tun 2003 da dokarta da aka sabunta a 2015, dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Nijar ce ma ƙasa ta farko a duniya da ta rattaba hannu kan ƙarin yarjejeniyar ILO ta 2014 kan aikin tilas, a 2015. Amma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa a Najeriya a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, bai kuma hau kan wanda ake biya gwargwadon abin da ya kawo ba, kuma kusan duk harkar bola a kilo ake biya.

Abin da ake hasashe shi ne mai saye a Turai zai fara tambayar mai niƙa roba a Legas ko Kano daga ina kayansa suke, shi kuma ya juya kan dila. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai a yi rajistar masu tsinta, a riƙa biyansu kai tsaye ta waya ko asusu, a sa sikelin da kowa ke gani, kamar yadda birnin Pune na Indiya ya yi tun 2008 da ƙungiyar masu tsinta ta SWaCH wadda ke da yarjejeniya da hukumar birni tana bi gida-gida, ko yadda dokar shara ta Brazil ta 2010 ta ba ƙungiyoyin masu tsinta fifiko. Ko kuma manyan masu saye su ga tantancewar ta yi tsada su yanke hulɗa da ƙananan yadi gaba ɗaya su koma sayen kaya daga 'yan kamfanoni ƙalilan masu takardu.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi ga kamfani, kuma ta dace da yadda hukumomi suka saba tunkarar masu wannan sana'a. A Yulin 2021 an rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a Accra, inda akasarin ma'aikatan 'yan arewacin Ghana ne, aikin bai tsaya ba sai dai ya watsu cikin unguwanni. A Janairun 2025 hukumar Abuja ta hana 'yan baban bola yawo cikin gari saboda satar murafen kwalbati da wayoyin lantarki, ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu don tantancewa. Matsalar satar gaskiya ce, amma mai tsintar da aka hana fitowa fili dole ya ƙara jingina da maigidan da zai ɓoye shi ya kuma yi belinsa in an kama shi, kuɗin belin kuma a kan bashinsa ake ɗorawa.